Tambaya da Amsa: Tsofaffin Kwalaben Lemo a Ɗakin Kaka

TAMBAYA

Daminar bana ta kayar da wani tsohon ɗakin ƙasa a gidanmu na gado a nan Wusasa, ɗakin da marigayi kakanmu yake ajiye tarkacensa. Da muka zo kwashe ƙasa sai muka tarar da kwalabe jibge a wani lungu, wasu a cikin ruɓaɓɓen akwatin katako. Yawancinsu na lemo ne. Akwai masu rubutun fenti da ya fara gogewa, akwai waɗanda rubutunsu a jikin gilashin yake, ana jin sa da yatsa. Akwai kuma guda ɗaya mai kauri, kore-kore, wuyanta a matse, da ɗan ƙwallon gilashi yana yawo a ciki. Yayana ya ce shara ce, a kira 'yan jari-bola. Wani mutum kuma da ya ji labari ya zo har gida ya taya mai ƙwallon, abin da ya sa na fara tunanin ko akwai wani abu a ƙasa. Ni dai zuciyata ba ta yarda a zubar ba. Don Allah yaya zan gane shekarunsu? Da gaske ne a da ana yin lemo a ƙananan wurare kafin zuwan manyan kamfanoni? Yaya ake wanke su, kuma suna da wata daraja?

Saratu, Wusasa, Zariya.

AMSA

Malama Saratu, sannunku da aiki, Allah ya mayar da alheri. Zuciyarki ta gaya miki gaskiya. Kada a kira 'yan jari-bola, kada kuma a sallama wa mai tayin nan ko nawa ya taya, sai kun san abin da ke hannunku. Bari in fara da mai ƙwallon, don bisa yadda kika siffanta ta, ta girmi sauran.

Wani ɗan Ingila mai suna Hiram Codd ne ya ƙirƙiro irin wannan kwalba, ya yi mata rajista a 1872. Abin da ya addabi masu lemo a wancan zamani shi ne marfi, domin iskar da ke cikin lemo takan ture toshiyar da aka sa, ko ta sulale ta bar shi lami. Sai Codd ya yi dabarar da iskar da kanta za ta riƙa rufe kwalbar. A kife ake cika ta, ƙwallon ya gangaro baki, ƙarfin iska ya danne shi a jikin wani zoben roba da ke cikin leɓe. Mai sha sai ya danna ƙwallon ciki da ɗan katako, iska ta fita, ƙwallon ya faɗa cikin matsewar nan ta wuya ya tsaya, don kada ya sake toshe hanya in an karkata kwalbar. Ki leƙa bakin taki za ki ga kwarmin da zoben yake zama, wataƙila har da ragowar busasshiyar roba. Yara ne suka ƙarar da yawancin irinta, suna fasawa don su ciri ƙwallon su yi wasa. Har gobe ana shan lemo a irin wannan kwalba a Indiya da Japan, saboda haka ba kowace mai ƙwallo ce ta shekara ɗari ba. Amma mai kauri, mai launin kore-kore, wadda ta fito daga ƙarƙashin tarkacen dattijo a Wusasa, ta fi kama da kayan zamanin Turawa. Ki duba gindinta da ƙasan cikinta. In kin ga sunan Rylands ko garin Barnsley, to ta fito daga masana'antar da ta yi aiki da Codd kansa a arewacin Ingila. In haruffan UGB kika gani, na wata haɗakar kamfanonin kwalba ne da aka kafa a Ingila a 1913, kin ga ke nan ba ta riga wannan shekara ba.

Yadda ta iso unguwarku ba abin mamaki ba ne. Jirgin ƙasa ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, daga baya Zariya ta zama mahaɗa, ga ƙaramin layin da ya nufi Jos, ga kuma wanda ya bi ta Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Sabon Gari ya tashi a gefen tasha, kantunan Turawa suka buɗe, irin su John Holt da Paterson Zochonis, wanda har yau sunansa yake kan unguwar PZ. A 1929 ɗin nan ne kuma mishan ɗin CMS, wanda Dokta Walter Miller ya kafa a cikin birni tun 1905, ya fito bayan ganuwa ya zauna a Wusasa, aka gina cocin ƙasa na St. Bartholomew, ga makaranta, ga asibiti. Wurin da ya tara malaman makaranta da ma'aikatan jinya da akawu-akawu masu albashin wata, ga baƙi suna zuwa suna tafiya, dole kayan kwalba su riga shiga cikinsa kafin ƙauyukan da ke kewaye.

Tambayarki ta biyu ita ce ta fi jan hankalina. Ƙwarai kuwa an yi. Yin lemo a farkonsa ba aikin babban kamfani ba ne. Ruwa mai kyau ake bukata, da tukunyar iska, da injin cikawa na hannu, da sukari, da ɗan abin ƙamshi da launi, sai masu wanke kwalba. Ɗaki biyu sun isa. Dole ce ma ta sa a yi shi kusa da masu sha, domin ruwa da gilashi kaya ne masu nauyi, kuɗin dakonsu daga nesa sai ya cinye riba. Shi ya sa duk inda Ingilishi suka yi mulki, daga Indiya zuwa Afirka ta Kudu har ƙasashenmu na yamma, garuruwan tasha da na bakin teku sun samu masu wannan sana'a. Kwalabe kuwa sai an yi odarsu daga Turai da tsada, har kwalbar ta fi abin da ke cikinta kuɗi. Dalilin ke nan da mai lemo yakan biya a zuba sunansa da sunan garinsa a jikin gilashin, kamar yadda makiyayi yake yi wa saniyarsa alama a kunne, don a dawo masa da abinsa, kada maƙwabci ya cika ta da nasa lemon. Rubutun da kike ji da yatsa wannan aikin yake yi.

A Amurka, inda tara irin waɗannan kwalabe ya zama abin da dubban mutane suke yi, haka abin ya faro. Coca-Cola kanta wani mai kantin alewa ne a Vicksburg ta jihar Mississippi, Joseph Biedenharn, ya fara zuba ta a kwalba a 1894. A 1899 kamfanin ya sayar wa wasu lauyoyi biyu na garin Chattanooga izinin zubawa a kwalba a kan dala ɗaya tak, su kuma suka rarraba izinin ga masu ƙaramin jari gari-gari, aka riƙa sa sunan gari a gindin kwalba. Sunayen garuruwan nan su masu tarawa suke farauta, kuma kwalbar ƙaramin gari wadda ba a yi da yawa ba ita ce abin nema.

A nan gida labarin ya zo hawa biyu. Ƙananan masu injin hannu suna cikin sana'arsu sai manya suka shigo. A.G. Leventis ya kafa Nigerian Bottling Company a 1951, ya fara cika Coca-Cola a Legas a 1953. Kamfanin Nigerian Brewery, wanda ya fara aiki a 1949, shi ma ya fito da nasa lemukan, ciki har da Krola da Tango, sunayen da dattawa ba su manta ba. Seven-Up na iyalan El-Khalil 'yan Labanan ya fara aiki ranar 1 ga Oktoba 1960, ranar da aka samu 'yanci. Da waɗannan suka kafa masana'antu a Kano da Kaduna, ga motocin rabo, ga talla a rediyo da jarida, mai ɗaki biyu ba shi da yadda zai yi. Hawa na biyu ya zo da kuɗin man fetur a shekarun 1970 zuwa farkon 1980, lokacin da 'yan kasuwa suka riƙa karɓo lasisin lemukan waje suna cikawa a garuruwa daban-daban: Limca da Gold Spot na kamfanin Parle na Indiya, Afri-Cola na Jamus, Crush, Canada Dry, Dr Pepper. Da yawa daga cikin masu cika su ba su daɗe ba bayan tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986, domin Naira ta faɗi, alhali sukari da sinadarin haɗi da kayan gyaran inji duk daga waje ake sayowa. Ina kyautata zaton masu rubutun fentin nan naki da dama na wannan hawa ne. Ki juya bayan kowace, a ƙananan haruffa akan rubuta sunan wanda ya cika ta da garin da yake.

Wannan ɗan layin shi ne abin da ya fi komai daraja a tarin naki, kuma a kansa nake so ki tsaya. Mun iya adana tarihin sarauta. Yaron makaranta a Zariya zai lissafa miki gidajen sarautar Zazzau huɗu, ya ba ki labarin Sarauniya Amina. Amma mutumin da ya tara ɗan jarinsa ya sayo inji, ya ɗauki samarin unguwa aiki, ya yi shekara goma yana cika lemo kafin kasuwa ta juya masa baya, wa ya rubuta nasa? Littattafan lissafinsa gara ta cinye, ginin ya koma ɗakin ajiyar hatsi ko wurin biki, ma'aikatan sun watse. Sau da yawa kwalba ita kaɗai ce shaidar da ta rage cewa an taɓa yin wannan sana'a a wannan gari. Abin yana ci mini rai, domin in matashi bai taɓa jin cewa an yi masana'anta a garinsu ba, da wuya ya yarda shi ma zai iya yi.

Gane shekaru kuwa aikin ido ne da haƙuri. Ki fara da siririn layin da ke tasowa daga gindi a gefe biyu, inda ɓangarorin mazubin gilashin suka haɗu. In ya tsaya a wuya bai kai leɓe ba, to da baki aka hura kwalbar a cikin mazubi, aka gyara leɓen da hannu. In ya haye har saman leɓe, inji ne ya yi ta, injin kuwa Michael Owens ne ya fito da shi a Amurka a 1903, ya kuma ɗauki shekaru kafin ya game duniya. Marfin ƙarfe mai haƙora da muka saba da shi William Painter ne ya ƙirƙiro shi a 1892, shi ne kuma ya kori mai ƙwallo daga kasuwa sannu a hankali. Rubutun fenti da ake gasawa a jikin gilashi a shekarun 1930 ya fara, a nan wurinmu kuwa sai da manyan kamfanonin nan suka zo ya zama ruwan dare.

Daga nan sai ki karanta rubutun da idon 'yar Nijeriya, domin ƙasar nan ta sha canje-canje, kowane canji kuma ya bar sawunsa a kan kwalba. In an rubuta yawan lemon da awon Ingilishi na oz, ta riga komawarmu awon lita a shekarun 1970, in kuwa cl ne, to bayan nan ne. In kin samu farashi a marfi ko a jikin akwatin da alamar Naira, bayan 1 ga Janairu 1973 ne. Adireshin da ya ambaci Jihar Arewa ta Tsakiya tsakanin 1967 da 1976 yake, domin a 1976 aka mayar da sunan Jihar Kaduna. Haruffan PLC a ƙarshen sunan kamfani sun zo ne da dokar kamfanoni ta 1990, lambar NAFDAC kuma ba ta riga 1993 ba. A gindin kwalba sau da yawa akwai lambobi biyu kusa da tambarin masana'antar gilashi waɗanda ke nuna shekara, amma wani lokaci lambar mazubi ce, don haka sai kin gwada su da sauran alamomin. Shekarar da aka rubuta kusa da sunan lemo kuma yawanci ta rajistar sunan ce ko ta fasalin kwalbar, ba ta ranar da aka yi ta ba. Farin zoben da za ki gani ya kewaye kafaɗa da gindi gogayya ce ta cikin inji da akwati, yana gaya miki kwalbar ta sha zuwa da dawowa.

Kada ki ga kamar irinsu suna nan birjik. Kwalba a ƙasar Hausa ba ta hutawa. In ta gama da lemo sai ta koma ma'aunin man gyaɗa da manja da kananzir, ko a ɗura mata soyayyiyar gyaɗa, ko zuma, ko tsimi. In ta fashe magini ya dasa ɓaraguzanta a kan katanga. Wasu a kai su Bida, inda masu sana'ar gilashi na unguwar Masaga suke narka kwalabe tun zamanin Turawa suna yin awarwaro da duwatsun ado. Kamfani kuma in ya canza fasali yakan farfasa tsofaffin a mayar da su tanda. Ga shi yanzu roba ta mamaye kasuwa. Abin da ya tsira daga duk wannan sai wanda wani dattijo ya tura lungu ya manta.

Wajen wanki a bi a hankali, don an fi ɓata tsohon abu a wurin gyara. Ki ɗauki hoton kowace da waya tukuna, gaba da baya da gindi. Ki jiƙa su a ruwa mai ɗan ɗumi da garin sabulu su kwana, ban da ruwan zafi, domin tsohon gilashi yana tsagewa. Cikinsu ki zuba ɗanyar shinkafa kaɗan da ruwa ki girgiza, ragowar farar ƙasa kuma ruwan lemun tsami yana narkar da ita. Soson ƙarfe da toka da yashi kada su kusanci masu fenti, tsumma mai laushi ya isa. In akwai mai takarda manne a jiki kada ruwa ya taɓa ta ko kaɗan, wadda kuma marfinta yake rufe a bar ta a rufe. Wani hazo fari-fari da ba ya fita da wanki ƙasa ce ta ci fuskar gilashin, ki ƙyale shi. Bayan sun bushe a ajiye su a inuwa, don rana tana koɗar da fenti. Kada a sha komai a cikinsu, kada a ba yara, saboda tsohon fenti yakan ƙunshi dalma. Tunda kuma gidanku yana garin asibiti, ki lura ko kwalaben magani sun cuɗu da na lemo. Ƙarama mai launin shuɗi ko kore mai duhu, mai zane-zane a tsaye a jikinta, ta guba ce a tsarin Ingilishi, an yi ta haka ne don hannu ya gane ta ko a cikin duhu. Kada ki shinshina, kada ki zubar da abin da ke ciki kusa da rijiya.

Maganar kuɗi zan gaya miki ita ƙiri-ƙiri. Babu wani ɓoyayyen sinadari a cikin ƙwallon nan, gilashi ne zalla. Na faɗi haka ne don jita-jitar da akan yi a kan tsohon dutsen guga da keken ɗinki ta sa mutane da yawa sun faɗa hannun 'yan damfara. A Ingila kanta kwalbar Codd ta gama-gari kuɗinta bai taka kara ya karya ba, domin an tono su da yawa daga tsofaffin juji. Abin da ke ɗaga farashi shi ne launin da ba a saba gani ba, da lafiyar kwalba, da sunan wurin da ba a cika samu ba. Ke nan in taki tana ɗauke da sunan wani gari na Nijeriya, ta fita daga sahun gama-gari, kuma a lokacin ne ya fi kamata ta zauna a gida. In ta tafi hannun dillali ba tare da labarin inda aka same ta ba, rabin amfaninta ya tafi.

Saboda haka ki sayi littafin rubutu mai kauri. Kowace kwalba ki ba ta lamba a ɗan katin da za ki ɗaura mata a wuya da zare, ki rubuta abin da ke jikinta harafi da harafi, da tsawonta, da launinta, da lungun da aka same ta, da sunan kakanku da aikin da ya yi. Sannan ki yi abin da ba ya jiran gobe, wato ki kai hotunan wurin dattawa. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, ki zauna da iyayenki mata da suka yi hidimar bukukuwa a shekarun 1960 da 1970. Ki nemi tsofaffin masu kanti a Sabon Gari da Tudun Wada, da 'yan fanshon reluwe. Ki tambaye su nawa ake sayarwa, wa yake kawowa, a keke ko a mota, nawa ne kuɗin kwalba in ba a dawo da ita ba, wane lemo ake saya ran Kirsimeti ko ran Sallah, wa suka sani da ya yi aiki a masana'antar. In sun yarda ki ɗauki muryarsu. Za ki ga dattijon da ya ce ba ya tuna komai, da ya ga kwalbar sai labari ya ɓalle.

Kina kuma da sa'ar zama a Zariya. Gaskiya Ta Fi Kwabo daga garin nan ta fara fitowa a Janairun 1939, Nigerian Citizen ta biyo baya a 1948, New Nigerian ta karɓa a Kaduna a 1966, kuma tallace-tallacen da ke cikinsu suna nuna lokacin da kaya ya shigo kasuwa da wanda yake rarraba shi. Ki nemi tsofaffin kofe a Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello, ko a Arewa House da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna. Malaman sashen binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa a Samaru za su iya duba miki mai ƙwallon ido da ido. Abu ɗaya zan ja miki kunne a kai, in sha'awar ta kama ki: abin da ya fito daga gidanku naku ne, amma kada a ɗauki fartanya a nufi ganuwar birni ko Kufena da sunan neman kwalba. Wuraren tarihi ne da doka ta kare, kuma tun 1979 tono a irinsu sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa.

Yayanki kuma yana da haƙƙi a cikin kayan, tunda na gado ne, don haka a yi shawara da shi cikin girmamawa. Ku ware mafi lafiya guda ɗaya daga kowane iri ku ajiye a gida da sunan kaka. Waɗanda suka maimaitu ana iya musayarsu da wani mai tarawa, ko a ba makaranta ko gidan tarihi a karɓi takardar shaida. In mai tayin ya dawo ki ce masa a dakata sai kun gama rubutu. Ki kuma aiko mana da hoton gindin mai ƙwallon da na ƙananan rubutun da ke bayan masu fenti, a ɗauka da rana a kan farin ƙyalle don haruffan su fito, mu duba tare a wannan fili.